Wa ke duba jinin masu feshi?

Wa'adin da hukumar NAFDAC ta ɗiba da bakinta ya cika tuni: haramcin maganin feshi na paraquat daga Janairun 2024, na chlorpyrifos daga Nuwamban shekarar, na atrazine kuma daga farkon 2025. An yi sanarwa, an watse. Yaron da ke goye da injin feshi a gonakin tumatir na Kadawa da Kura kuwa yana nan yadda yake, da silifas a ƙafa, ba safar hannu, ba takunkumi. Bakin injin ya toshe, ya sa baki ya hura. In ya tashi aiki ya sha madara ko manja, wai su karya dafin. Ba sa karya komai.

Chlorpyrifos da dichlorvos, wanda ake haɗa fiya-fiya da shi, yadda suke kashe ƙwaro haka suke kayar da mutum. Suna hana aikin sinadarin da ke share saƙon jijiya bayan ya isa tsoka, sai saƙon ya yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa. Gumi ya karyo, miyau ya dalalo, baƙin ido ya tsuke, nama ya riƙa rawa da kansa. Idan abin ya yi tsanani, numfashi ya gagara. Wanda ya farfaɗo ma da sauran rina a kaba: cikin kwana 1 zuwa 4 wuya da kafaɗu kan iya sakewa, wasu kuma bayan mako 2 zuwa 3 ƙafafu su fara mutuwa har tafiya ta faskara. A ƙauye sai a ce iska ce ta taɓa shi, a nufi gidan mai magani. Gwajin jini guda zai nuna yadda dafin ya ci sinadarin tun kafin mutum ya faɗi, kuma shi wannan jarida ke neman a fara yi wa masu feshi.

Tarayyar Turai ta hana maganin ciyawa na paraquat tun 2007, bincike da dama kuma ya danganta shi da cutar karkarwa ta Parkinson. A 2012 Faransa ta sa wannan cuta cikin cututtukan da aikin gona ke jawowa, ana biyan diyya. Najeriya ma tana da dokar biyan ma'aikata diyya ta 2010, sai dai ɗan ƙwadagon da ake sallama da yamma ba ya cikin rajistar kowa.

Dillalai za su ce maganin ciyawa ya fi ɗaukar 'yan noma araha. Haka ne, domin ba mai gona ke biyan kuɗin jinyar mai feshi ba.

Ba a manta da 2015 ba, lokacin da Turai ta rufe ƙofa ga waken Najeriya saboda dichlorvos. Nan da nan jami'ai suka shiga taruka, tunda kuɗin waje ne ya maƙale. Masu zuba maganin a buhuna cikin rufaffun shaguna, ba wanda ya tambayi lafiyarsu. Malaman gona da ya kamata su koya musu kuwa, jihohi sun bari sun ƙare da ritaya.

NAFDAC ta fito ta faɗi lita nawa ta janye daga kasuwa, kuma daga hannun wa. Jihohin noman rani su wajabta wa manyan manoma sayen kayan kariya, su ajiye allurar atropine mai karya dafin maganin ƙwari a asibitocin karkara, su kuma fara gwada jinin masu feshi kafin a buɗe ruwan madatsar Tiga na rani mai zuwa.