Rumbun dawa, karin kumallo da alkamar ƙetare

Tsakanin ƙarfe goma da sha ɗaya na hantsi Gadarif takan dakata domin fatur. A kasuwa da tasha da ofisoshi za ka ga maza sun kewaye kwano ɗaya na ful, an kwarara masa man riɗi, kowa riƙe da burodi. Al'ada ce mai kyau, mu ma a cikinta muka tashi. Sai dai ku dubi kwanon nan da kyau, 'yan'uwa: man riɗin ne kaɗai ɗan Gadarif. Ful amfanin gonar arewa ne, can bakin Nilu, alkamar burodin kuwa mafi yawanta jirgin ruwa ke sauke ta a Bur Sudan.

A garin da ake kira rumbun dawar Sudan ke nan, tun da aka fara noman inji a Gadambaliya cikin shekarun 1940. Mun kuwa ga abin da dogaro da alkama ke jawowa. A Disamban 2018 tsadar burodi ta fito da mutane kan titi a Atbara, washegari Gadarif ta bi sahu, har aka rasa rayuka. Tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 kuma, 'yan gudun hijira daga Hartum da Madani sun cika gari, bakunan ci sun ƙaru.

Mu Hausawa muna da abin da ya dace da wannan hali, yana nan a madafinmu. Koko da ƙosai, kunun gyaɗa, waina, ɗumamen tuwon jiya da miyar kuka: gero ne da dawa da wake da gyaɗa, duk ƙasar nan na ba da su. Da irinsa kakanninmu suka rayu a hanyar Makka, suna tafiya suna noma. Amma yau yaronmu ya fi son a gan shi da burodi a hannu, don kada a kira shi ɗan ƙauye.

Agashe bai ji wannan kunya ba. Ya fito bakin titi da sunansa na Hausa, ga shi ya zama na kowa a Sudan. Godo-godo ma ya yi farin jini wajen maƙwabta, ba wanda ya nemi a sauya masa suna.

A ganina abin da ya tauye koko da ƙosai lokaci ne da wuri. Iyayenmu mata kan soya da asuba a ƙofar gida, a cikin unguwa, kafin ƙarfe takwas kasko ya huce. Birni kuwa sai ƙarfe goma yunwa ke kama shi, kuma a kasuwa take kama shi. Abin da ya rage mana shi ne rumfa mai tsabta kusa da masu shayi, da benci, da kwanuka wankakku, kasko na kan wuta daidai lokacin fatur, a kuma rubuta a allo da Larabci da Hausa: koko da ƙosai.