Ƙibar talaka ba hutu ba ce, a daina yi masa gori

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a Yamai, a fada, a gidan suna, har wurin rabon taimako. Da an ga mace mai jiki ta ce ba ta da na cefane, sai ka ji wani ya ce: "Wagga da ta cika ƙofa ce ke kukan babu?" A yi dariya a watse. Maganar nan zalunci ce, kuma jahilci ne. Yau a kanta za mu tsaya.

Mu fara da lissafi. Tun watan Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne. Raba shi kwana 30, ka samu 1,400 a wuni. A ce gidan mutum bakwai ne: kowa ya tashi da dala arba'in, kafin a cire kuɗin haya, wuta, ruwa, taksi da na lakwal ɗin yara. Wannan ma mai albashi ke nan, ba mai tura baro a Katako ko mai wankau ba. To, ka ba uwargida wannan kuɗi ka ce ta ciyar da gida. Me za ta sayo? Abin da ke cika ciki ya kai mutum dare: farar shinkafa, taliya, garin rogo, burodi, mai, sukari da dunƙulen maji. Nama sai dai ƙanshi. Kifi kuwa, ga kogi a gabanmu, amma ya zama abincin ranar albashi.

Irin wannan cimaka tana tara kitse, ba ta gina jiki. Shi ya sa a gida ɗaya za ka tarar da uwa mai teɓa amma jininta bai isa ba, ga ɗanta a goye ya tsumbure. A ƙasar da sama da yara huɗu cikin goma 'yan ƙasa da shekara biyar ba sa samun tsayin da ya dace da shekarunsu, ƙibar uwa da ramar ɗa tukunya ɗaya ce ta dafa su.

Wasu za su ce, ai kakanninmu da hatsi da dawa suka rayu, me ya hana a koma? Ku tambayi mai girkin. Hatsi sai an surfa, a wanke, a kai niƙa, a tuƙa, ga gawayi ko gaz da zai ci. Taliya minti goma ta nuna. Matar da ta fita tun asuba ta zauna gaban kaskon ƙosai, ta dawo da yamma ƙafa a kumbure, ita za ka ce ta kama taɓarya? Ba lalaci ba ne. Lokaci da makamashi su ma kuɗi ne.

Sai masu ba da shawara a rediyo da Facebook: "A ci salati, a ci tufa, a ci gasasshen kifi, a fita motsa jiki." Madalla. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kowane babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a wuni. Ninka shi bakwai: kusan kilo uku kullum. A lokacin sanyi, da lambunan Gamkalle, Saga da Kirkisoy ke zuba kabeji da tumatir, ana iya kamantawa. Amma daga bazara zuwa damina, da tumatir ke koma wa na ƙasashen waje, wane magidanci ne zai iya? Tun rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, kayan da ke shigowa ta Kwatano sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso, kuma talaka ne ke biyan kuɗin zagayen a bakin tebur. Ba mu kaɗai ba ne: hukumar FAO ta ce a 2022 mutum kusan biliyan 2.8 a duniya ba su da halin sayen abinci mai gina jiki. A shekarar kuma, masu fama da ƙiba sun haura biliyan ɗaya. Yunwa da ƙiba yanzu tafiyarsu ɗaya.

Mu ma al'umma muna da namu laifin, kuma babba ne. Mu ne ke cewa amarya ko mai jego in ba ta yi jiki ba, mijinta ya kasa. Surukai su sa ta gaba, kishiya ta yi habaici, ƙawaye su kawo shawara. Daga nan sai wurin masu tallar magani a tire, a sayo ƙwayar da ake kira sha ka fashe. Da yawa cikin ƙwayoyin nan Dexamethasone ne, maganin da ba a sha sai da izinin likita. Yana kumbura fuska da ciki, yana tayar da sukari da tansiyo, yana raunana ƙashi. Kumburi ne muke yi wa guɗa muna cewa ta yi kyau. Da baki ɗaya muke tura mace ta yi ƙiba, da shi kuma muke mata gori in ta zo neman taimako. Wannan wane irin adalci ne?

Ƙarshen hanyar mun san shi: ciwon sukari, hawan jini, shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda. Gaskiya ne tun Satumban 2024 an rage kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati, kuma abin a yaba ne. Sai dai mai ciwon sukari ba sau ɗaya yake zuwa farmasi ba, har ƙarshen rayuwarsa ne. Kuɗin da aka kasa sa wa a tukunya, shi ake ninkawa a takardar magani.

Ga magabata, abin da muke nema a fili yake. Nijar na sahun gaba a duniya wajen noman wake, Najeriya kaɗai ke gabanta. In OPVN za ta sayar da cimaka a farashi mai rahusa, wake ya samu babban kaso, kada a tsaya ga shinkafa, masara da sukarin azumi. Ma'aikatar magajin gari ta kare lambunan bakin kogi da na Gunti Yena daga masu yanka filaye, kada abin da ya samu dajin da ya kewaye birnin ya same su. A yi ɗakunan sanyi, don tumatir da ke ruɓewa a Janairu da Fabrairu ya kai mu watannin tsada. A duba haraji kan lemun kwalba kamar yadda Afirka ta Kudu ta yi a 2018. A kwashe ƙwayoyin ƙiba daga tiren 'yan talla. A sa awon tansiyo da sukari ya zama abin yau da kullum a likitar kowace unguwa.

Mu kuma a gida, akwai abin da ba ya cin ko dala. Rage sukarin shayi. Rage maji da mai. Kopto da dambun zogale da muke rainawa muna ce musu abincin ƙauye sun fi indomin da muke ba yara. Kuɗin lemun leda a sayi ƙwai ko gyaɗa da shi. Maigida, in ka samu na tsire, kai shi gida a ci tare, kada ka cinye a fada.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin ka auna talaucin mutum da faɗin jikinsa, tambayi abin da ya shiga tukunyarsa jiya. Masu bibiyarmu, musamman iyaye mata: nawa kuke kashewa a cefanen wuni, kuma me kuka daina saye a bana? Ku faɗa mana da sunan unguwarku, don masu iko su ji daga bakinku.

Allah ya hore mana na sawa a baki, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.