Fim Ɗin "Ojuju" Da Ruwan Shan Jimeta

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wannan karin magana kuwa ta dace ƙwarai da wani fim na ban tsoro mai suna Ojuju, wanda wani saurayi mutumin Owerri, C.J. Obasi, ya shirya a Ikko, ya fito da shi cikin 2014. Kalmar ojuju a bakin mutanen kudu ita ce abin da Bahaushe ke kira dodo, watau abin da ake tsorata yara da shi. Fim ɗin ya ci lambar fim mafi kyau na Nijeriya a bikin finafinan Afirka da aka yi a Kalaba cikin wannan shekara, ko da yake kusan ba da kuɗin kirki aka yi shi ba. To, ko da yake a Ikko aka yi shi, kuma galibin maganar cikinsa da Turancin buroka ce, mutanen Yola da Jimeta suna da dalili babba na su dube shi da idon basira, su ɗauki abin da ya faɗa daidai, su watsar da abin da ya kuskure.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Akwai wata unguwa ta talakawa, mai cunkoso, wadda ƙofar shigarta ita ce ƙofar fitarta, kuma wuri guda kowa ke ɗibar ruwan sha. Sai ruwan nan ya gurɓata. Waɗanda suka sha suka soma ciwo, idanunsu suka lalace, hankalinsu ya gushe, suka shiga bin mutane suna cizo, wanda aka ciza kuma shi ma ya bi sahu. Wani saurayi mai suna Romero, wanda Gabriel Afolayan ya fito a madadinsa, shi da abokansa Emmy da Peju, suka shiga neman hanyar da za su tsira da rayukansu. An ba shi wannan suna ne don tunawa da George Romero, Ba'amurken da ya buɗe ƙofar irin waɗannan finafinai na gawa mai tafiya tun cikin 1968.

Abu na farko da ya kamata a yaba wa Obasi shi ne inda ya ajiye tushen masifar. Finafinan Turawa irin wannan sukan ce cutar ta ɓalle ne daga ɗakin binciken masana, ko daga wani biri da aka kamo a daji. Finafinan gida kuwa sukan ɗora wa maita ko sammu. Shi Obasi sai ya ɗora wa ruwan sha, abin da kowane gida ke buƙata safe da yamma. Duk wanda ya san Jimeta ya san wannan ba tatsuniya ba ce. Garin yana zaune a bakin Kogin Binuwai, amma gidaje da yawa a unguwanni irin su Rumde da Luggere da Doubeli da Jambutu sun dogara ne ga 'yan garuwa masu tura kura cike da jarkoki. Uwar gida takan sayi jarka ta juye a randa, ba ta san daga wace rijiya aka ɗebo ba, ba ta san ko akwai masai kusa da rijiyar ba, ba ta kuma san yaushe rabon jarkar da wanki ba. Wanda ya kalli fim ɗin ya ga yadda unguwa guda ke shan ruwan wuri guda, lalle zai tuna da layin jarkoki na bakin rijiyar burtsatsen unguwarsu.

Ita kuwa cutar da ke bin ruwa tana da suna, an kuma san ta sarai a Adamawa. Kwalara ce, watau amai da gudawa. Ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, ta yi ɓarna mai yawa cikin 1971, tun daga nan kuwa ba ta yi nisa ba. Cikin 2018 ta ɓarke a Mubi. Da daminar 2019 ta bayyana a Yola ta Arewa da Yola ta Kudu da Girei. Cikin 2021 ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar baki ɗaya, ta kashe fiye da 3,500. Har wa yau, cikin Satumba na 2024, bayan ambaliyar ruwa, gwamnatin jihar ta tabbatar da ɓullarta a Yola da kewaye. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In Binuwai ta cika ta yi ambaliya, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022 sa'ad da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ruwa yakan bi ta kan masai da kwata da juji, sa'an nan ya gangara cikin rijiyoyin da ba su da murfi. Abin da ya fita daga cikin mai ciwo shi ne ke komawa bakin mai lafiya.

Abin yabo na biyu shi ne fim ɗin bai yi wa talauci kwalliya ba. A cikin unguwa ta gaskiya aka ɗauke shi, da lungunanta da kwatocinta da gidajen haya masu ɗaki ɗaiɗai. Ya nuna cewa annoba takan fara ne daga inda hukuma ta manta, kuma takan yi nisa kafin labari ya kai kunnen manya. Ya kuma nuna yadda mutane ke ci gaba da harkokinsu, ana ciniki ana raha, alhali kuwa ciwo ya riga ya shiga gida. Wannan ma gaskiya ne game da kwalara, gama likitoci sun tabbatar cewa yawancin waɗanda ƙwayar cutar ta shiga jikinsu ba sa nuna alamar komai, amma suna iya zubar da ita cikin bayan gida har kwana 10.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Aibin farko na Ojuju shi ne ya haɗa cututtukan da ba su haɗu ba. Masu fim ɗin sun kwatanta ciwon da wani abu tsakanin haukan kare da makantar bakin rafi. Haukan kare ta cizo yake shiga, yawanci cizon kare. Makantar bakin rafi kuwa, wadda mutanen tsohuwar Jihar Gongola suka sha fama da ita, wani ɗan baƙin ƙuda ne da ke hayayyafa a ruwa mai gudu yake kawo ta, ba a ɗaukarta ta shan ruwa, ba a kuma ɗaukarta daga jikin makaho. Tana da magani, Mectizan, wanda ake rabawa kyauta tun 1987. Kwalara ita ce ke bin ruwan sha da abinci, ita kuwa ba ta sa kowa cizo. Mai ilmi ya san wasa ne ake yi. Amma yaron da ya kalla a wayar yayansa da dare zai tashi da rikitaccen tunani a kan yadda ciwo ke kama mutum.

Aibi na biyu ya fi wannan nauyi, domin shi ne ke iya jawo asarar rai. A cikin irin wannan fim, da zarar ciwo ya kama mutum, ya tashi daga ɗan'uwa ya koma dodo. Ba a jinyarsa, ba a kai shi asibiti, abin da ya rage kawai a guje masa ko a buge shi. Mai kwalara kuwa ba ya bin kowa. Yana kwance ne a tabarma, idanu sun faɗa, fata ta yamutse, ko ɗaga kai ba ya iyawa, ruwan jikinsa yana zubewa. Abin da ke kashe shi shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma hakan na iya faruwa cikin 'yan sa'o'i kaɗan. Ransa yana hannun wanda ya zauna kusa da shi yana ba shi ruwa. In aka tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, aka zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokali, aka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti, to, an yi rabin aikin. Inda ake samun jinya da wuri, cikin mutum 100 da suka kamu ba a rasa ko da guda ɗaya cikakke. Inda kuwa aka ɓoye majinyaci a ƙuryar ɗaki don kunya ko tsoron kada maƙwabta su ƙaurace wa gidan, nan ne ake fitar da gawa da asuba. Fim ɗin da ke koya wa mutane ƙyamar majinyaci yana ƙara wa wannan ɓoyo ƙarfi.

Aibi na uku shi ne hankalin labarin duk yana kan gudu. An nuna ruwa ne ya kawo ciwo, amma ba a mai da hankali ga gyaran ruwan ba. Alhali kuwa tun cikin 1854, sa'ad da kwalara ta auka wa wata unguwa a birnin Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana ƙirga mamata, har ya gane cewa galibinsu daga famfo guda suke sha, na titin Broad. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Tun daga nan duniya ta san cewa maganin irin wannan annoba a bakin rijiya yake. Mutumin Rumde ba shi da inda zai gudu. Abin da yake bukata shi ne ya san wace rijiya za a rufe, wace za a zuba wa sinadarin kulorin.

Wani zai ce, ai fim na nishaɗi ne, ba laccar malamin tsabta ba ce, don me za a ɗora masa kayan da ba nasa ba? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba wanda ke cewa a hana fim ɗin. Sai dai a tuna abin da tsoro marar sani ya yi wa ƙasar nan cikin Agusta na 2014, shekarar da Ojuju ya fito. Bayan da Patrick Sawyer ya shigo Ikko da cutar Ebola ran 20 ga Yuli, sai jita-jita ta bazu ta waya cikin dare guda cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna tsare mutum. Jama'a suka tashi tsakar dare suna dafa ruwan gishiri, daga kudu har arewa. An kwantar da mutane da dama a asibiti, wasu kuma suka rasa rayukansu, alhali Ebola ba ta ko kusanci garuruwansu ba. Gishirin da ke ceton mai kwalara in an auna shi daidai, shi ne ya yi kisa da aka sha shi da ka.

A nan ne ya kamata a gwada Ojuju da wani fim na gida, 93 Days, wanda Steve Gukas ya fitar cikin 2016 a kan wannan annoba ta Ebola. Shi ma yana da ban tsoro, amma jarumarsa likita ce, Dokta Ameyo Adadevoh, wadda ta hana Sawyer fita daga asibiti, ta kamu da cutar, ta rasu ran 19 ga Agusta na 2014. Saboda irin tsayuwar da ita da abokan aikinta suka yi, mutum 20 kaɗai suka kamu a ƙasar, 8 suka rasu, ran 20 ga Oktoba kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da cutar. Wanda ya kalli wannan yakan tashi da sanin abin da ya kamata a yi. Wanda ya kalli Ojuju yakan tashi da faɗuwar gaba da ƙyamar randa, amma ba a nuna masa mataki na gaba ba.

Ta fuskar sana'a kuma, rashin kuɗi ya nuna kansa. Labarin ya daɗe yana kewaye kafin ya kama hanya, kuma jini da cizon da ke ciki ba abin da za a bar ƙananan yara su gani ba ne. Duk da haka, saurayin da ya yi wannan da ɗan abin hannunsa ya cancanci jinjina, ya kuwa nuna ba sa'a ce kawai ba, gama fim ɗinsa Mami Wata ya ci lamba a bikin Sundance na Amurka cikin 2023.

Saboda haka shawara a nan ita ce, manya su kalli Ojuju, amma kada a tsaya nan. Masu shirya finafinan Hausa da na Fulatanci su ɗauki darasi, su yi nasu a kan amai da gudawa, a lungunan Jimeta, da harshen da tsohuwa za ta ji, a nuna ɗan garuwa da rijiya da masai, a kuma nuna majinyacin da aka kai Asibitin Ƙwararru da wuri ya tashi da ƙafafunsa. Ma'aikatar Lafiya da gidajen rediyo da talabijin na jihar su tallafa musu tun kafin damina ta faɗi, kada a jira sai an fara ƙirga gawa. Hukumar Ruwa da ƙananan hukumomin Yola ta Arewa da ta Kudu su san kowace rijiya da 'yan garuwa ke ɗiba, a riƙa auna ruwanta ana zuba mata magani. Masu unguwanni da limamai kuma su faɗa wa jama'a cewa kwalara ba abin kunya ba ce, mai ita a garzaya da shi asibiti ko da tsakar dare ne. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya tsare bayinsa daga annoba, amin.