Dukiyar Da Aka Manta Ranar Rabon Gado

 Ya ku malamai da attajiran Gusau da Tsafe da Bunguɗu, muna son ku ba mu aron kunnuwanku a kan wata magana da ta tsaya mana a rai.

Cikin watan Rajab da ya wuce aka kira mu rabon gadon wani alaramma a wani ƙauye na ƙasar Tsafe, abokin karatunmu ne tun muna gardawa. Aka lissafta gona da awaki da littattafan da ke zaurensa, har buzu da buta ba a bari ba. Da aka fid da kuɗin likkafani da bashi, abin da ya rage bai isa ya kai iyalinsa kaka ba. To, ashe marigayin nan ya taɓa wallafa wani ɗan littafi da ajami a kan hukuncin tsarki da salla, ya miƙa wa wani mai ɗab'i a Kano, aka ba shi abin da bai wuce kuɗin rago guda ba, babu takarda, babu shaidu. Yau littafin yana nan shimfiɗe a ƙofar masallatan Juma'a, ana saye, an ma cire sunansa daga bango. Duk waɗanda suka zauna rabon nan babu wanda ya ambaci littafin, har da mu da muke wannan rubutu. Laifin kanmu muka fara faɗi, domin kada a ce muna jifan wasu.

Dalilin wannan mantuwa shi ne mun gaji al'adar zamanin da hannu kaɗai ke kwafe littafi. Can da, wanda yake son littafi sai ya nemi takarda, ya dafa tawada, ya fere alƙalami, ya zauna watanni yana kwafa, saboda haka ba mai iya tara dukiya da wahalar wani. Duk da haka magabata ba su yi sakaci ba. Wanda ya buɗe tsofaffin kundaye na ƙasar nan, tun daga na malaman 'Yandoto har zuwa na almajiran Malam Sambo Ɗan Ashafa wanda ya kafa Gusau, zai tarar a ƙarshen littafi sau da yawa an rubuta sunan mawallafi, da sunan wanda ya kwafa, da sunan mai littafin. Watau sun san abu uku ne daban, kowanne da mai shi. Sa'an nan inji ya zo. Aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya cikin 1945, maɗaba'un Kano kuma suka shiga ɗaukar hoton rubutun hannu suna bugawa dubbai, har Alƙur'anin da Sharu Bala Gabari ya rubuta da hannunsa ya shiga makarantun allo ko'ina. Aikin wata shida ya koma aikin yini guda, riba kuwa ta koma wajen mai inji.

Mun san abin da wasu 'yan'uwanmu malamai za su ce, domin mu ma mun taɓa faɗinsa: ilimi na Allah ne, ba a mallakarsa, kuma an yi gargaɗi mai tsanani ga mai ɓoye shi. Wannan gaskiya ne, amma ba a nan maganar take ba. Mai ɓoye ilimi shi ne wanda aka tambaya ya ƙi amsawa. Ba wanda ya ce a hana almajiri karanta littafi, ko ya kwafa da hannunsa, ko malami ya karantar da shi a zaure. Abin da ake magana shi ne mutum ya ɗauki wahalar wani ya mai da ita haja, ya ci riba shi kaɗai. Nassin Alƙur'ani ba na kowa ba ne, har abada, amma gwanin da ya rubuta izu sittin da ka, ya yi wasali, ya yi zayyana, idonsa da bayansa ne suka biya. A mazhabarmu ta Malikiyya manfa'a dukiya ce, shi ya sa hayar gida ta halatta alhali gidan bai bar hannun mai shi ba, kuma Imamu Malik ya halatta karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani. Malaman zamani ma sun zauna a kan wannan mas'ala. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disamba 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambarin haja da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira duk haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙima ta kuɗi, ana iya sayar da su muddin babu garari ko algus, kuma bai halatta a yi musu ta'adi ba.

Dokar ƙasa kuwa ba ta saɓa wa wannan ba. An yi dokar haƙƙin mallaka cikin 1988, sa'an nan aka sake sabuwa wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin Maris 2023. A ƙarƙashinta haƙƙin littafi ko waƙa yana tabbata ga mai shi da zarar ya rubuta, ko bai je ofishin kowa ba, yana tare da shi muddin ransa, kuma ya ci gaba shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Ga misali: littattafan Shehu Usmanu, wanda ya rasu 1817, da na Sarkin Musulmi Bello, wanda ya rasu 1837, kowa yana iya bugawa, sai dai ya bar musu sunansu. Amma fassarar Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Mahmud Gummi, wanda ya rasu 1992, lissafinta yana kaiwa ƙarshen 2062. Dokar ta ce haƙƙin nan ana gadonsa, ana yin wasiyya da shi kamar sauran kaya, kuma sallama shi ga wani ba ta inganta sai da rubutu. A lura da wannan na ƙarshe ƙwarai.

To, ga inda malamai ke faɗuwa. Mai ɗab'i ya zo da fara'a, ya ce, “Allah ya gafarta Malam, a ba mu mu yaɗa alheri,” Malam kuwa ya ji kunyar ambaton kuɗi. Lalle ne a rarrabe tsakanin sayar da saniya da sayar da nononta. Wanda ya sayar da haƙƙin littafinsa ɗungum ya rabu da shi ke nan. Wanda ya ba da izinin bugawa kaɗai, sai a rubuta kwafi nawa za a buga, zuwa shekara nawa, nawa ne kasonsa a kowane kwafi, yaushe za a zauna lissafi, kuma a rubuta cewa ba za a taɓa sunansa ko a canja kalma ba sai da saninsa. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe takardarsa, asalin rubutun hannu kuwa ya dawo gafakar mai shi. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, mu ne muke karantar da ita, mu ne kuma muke jin nauyin aiki da ita. In kuwa Malam nufinsa sadaka ne, madalla, amma ita ma a rubuta ta waƙafi, domin kada gobe wani ya rufe littafin ya ce nasa ne. Haka hukuncin yake ga karatun da ake ɗauka a waya lokacin tafsirin azumi.

Ku kuma attajirai, kada ku zaci maganar ta malamai ce kaɗai. Mutumin da ya shekara ashirin yana sayar da man gyaɗa ko turare mai kyau, har mata suka san tambarinsa suna aiken yara da sunansa, sunan nan ya fi galan da kwalabe daraja. Ranar da wani ya buga irin takardarsa ya liƙa wa gurɓataccen kaya, an cuce shi, an cuci mai saye. Mun ga abin da ya sami masaƙun Kaduna: ban da matsalar wuta, atamfofin waje masu kwaikwayon zanensu da tambarinsu suna cikin abin da ya durƙusar da su, har babbar masaƙar UNTL ta rufe cikin 2007. Da yawa daga cikinku suna zaton rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, ko lambar NAFDAC, ta wadatar. Ba haka ba ne. Tambari yana da rajistarsa daban a Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki ta Tarayya a Abuja, bisa dokar 1965. Rajistar farko shekara 7 take yi, sa'an nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14, wanda kuma ya bar tambarinsa shekara 5 bai yi aiki da shi ba ana iya neman a soke shi. 'Yan'uwa biyu da ke ciniki da suna ɗaya su rubuta tun yau na wane ne sunan, gama in uba ya faɗi, a nan zumunci ke tsinkewa.

Roƙonmu ga alƙalai da limamai da duk wanda ake kira rabon gado shi ne a ƙara tambaya biyu bayan an tambayi bashi da wasiyya: shin mamaci ya bar wani rubutu a hannun mai ɗab'i, kuma yana da suna ko tambarin da ake ciniki da shi? In akwai, a shigar cikin tarika, a naɗa wanda zai kula da shi a madadin marayu.

Game da abokinmu kuwa, Allah ya ji ƙansa, mun koma gidan bayan sallar layya. Uwargidansa ta fito mana da asalin littafin daga ƙasan adaka, da hannunsa, da shekarar da ya gama a rubuce a ƙarshe, yadda magabata suke yi. Tun da ba a taɓa rubuta sallamawa ba, mun ga haƙƙin bai fita daga gidan ba. Mun rubuta wa mai ɗab'in takarda ta girmamawa, muka nemi ya mai da sunan Malam a bango, ya kuma zauna lissafi da magada. Babban ɗan marigayin zai kai ta Kano da kansa, tare da dattijai biyu. Abin da aka amsa za mu sanar da ku a wannan shafi, in Allah ya so. Haza wassalam.