Bayan An Gogi Mota, Wa Zai Fara Faɗin Gaskiya?

Yawancin haɗurran da ake yi a cikin garuruwanmu ba sa shiga lissafin kowa. Babu jini, babu asibiti, babu jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra da zai zo ya rubuta rahoto. Fitilar baya ce ta fashe, ko bamba ta ɓalle, ko ɗan adaidaita sahu ya karce ƙofa a bakin Kantin Kwari yana neman kutsawa. Ɓarnar ba ta wuce wadda mai gyara zai gama kafin la'asar ba. Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo baya, lokacin da mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba suka fito daga motocinsu.

Kowa ya san yadda ake yi. A bar motocin a tsakiyar titi, kowa ya fito yana ɗaga murya. "Malam, ba ka gani ne?" "Kai ne ka taka birki ba sigina!" Kafin ka ce kwabo jama'a sun taru, waɗanda ba su ga komai ba sun fi kowa bayar da shaida, cunkoso ya kai inda ido ba ya gani. A duk wannan hayaniya, magana ɗaya ce ba ka cika ji ba: "Ni ne da laifi, ka yi haƙuri, mu je a gyara."

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa wannan magana ta yi mana nauyi a baki, alhali yawancin masu yin musun nan mutanen kirki ne a gidajensu da wuraren sana'arsu. Abin da na fahimta shi ne tsoro, kuma tsoron yana da dalili. Mai laifi ya san cewa da zarar ya amsa, ana iya yi masa yankan rago. Za a ja shi garejin bakaniken mai motar, a ƙifta ido, lotsawar bara ta shiga lissafi, fitilar da 'yar Beljiyam ce a ce sai sabuwa dal daga Ƙofar Ruwa, ƙofa ɗaya aka karce amma a ce sai an yi wa gefen duka fenti. Shi kuma wanda aka goga ya san cewa idan ya yi sassauci ya karɓi lambar waya, gobe zai iya kira ya ji ta a kashe. Kowa na yin ƙarya don kare kansa daga ƙaryar da yake zaton ɗan'uwansa zai yi, tun kafin ɗan'uwan ya buɗe baki.

Sai kuma 'yan ba da haƙuri. A nan zan ɗan tsaya, domin na san wasu ba za su ji daɗin abin da zan faɗa ba. Ba da haƙuri al'adarmu ce mai kyau, kuma ta kashe wutar fitina da yawa a kan titi. Amma dubi yadda muke amfani da ita. Mai laifin bai amsa laifinsa ba, bai ko duƙa ya dubi ɓarnar ba, sai jama'a su yi ca a kan wanda aka cuta: "Alhaji, a yi haƙuri, tsautsayi ne." "Hajiya, ki bar wa Allah." Idan ya ce a biya shi, ya zama marar imani a idon taro. Wannan tilastawa ce, ko da an lulluɓe ta da sunan Allah. Yafiya haƙƙin wanda aka yi wa ɓarna ne. Shi ke da ikon ya bayar ko ya riƙe, kuma idan ya riƙe bai yi zunubi ba. Abin da malamanmu na fiƙihu suka karantar a zaure shi ne wanda ya lalata dukiyar wani biya ya hau kansa, da gangan ya yi ko bisa kuskure. Kuskure yana ɗauke zunubi, ba ya ɗauke biya.

Hukuncin taro kuma sau da yawa girman mota yake dubawa. Mai babbar mota shi ake tsammanin ya yafe, ko da ta baya aka dake shi yana tsaye a danja. Ba a tambayar waye ke cikin motar. Wataƙila direban gida ne wanda za a zaftare kuɗin gyaran daga albashinsa wata uku a jere. Wataƙila ma'aikaci ne da bashin motar bai sauka daga wuyansa ba. Ban manta da halin ɗan adaidaita ba, wanda dole ya kai balas da daddare ko ya yi ciniki ko bai yi ba, ga mai ga abinci. Talaucinsa dalili ne na a tausaya masa, a rage masa, ko a yafe masa baki ɗaya. Bai zama dalilin da zai sa ya rantse da Allah cewa ba shi ya yi ba. Ya fara amsawa, ya faɗi ƙarfinsa, sannan mai haƙƙi ya ga abin da zai iya bari. Na lura mutanenmu suna da saurin yafewa idan aka gaya masu gaskiya. Raina hankali ne ke sa su kafe.

Wani abu da na gani a wani gareji bai bar raina ba. Wata malamar makaranta ta kawo ƙaramar motarta da safe, bayan wani saurayi mai ɗaukar kaya ya daki bayanta da yammacin jiya. Sun rabu a kan zai same ta a garejin. Yaran garejin suna ta cewa ta yi sake, ba za ta sake ganinsa ba. Sai ga shi ya iso da kuɗi a leda, ya gaishe ta, ya tsuguna tare da mai gyaran suna duba bambar. Mai gyaran ya shafa wata lotsawa a gefen but ya fara haɗa ta cikin kuɗin. Matar ta dakatar da shi: "A'a, malam, wannan tsohuwa ce, ƙofar gidanmu na goga. Kada ka sa masa." Saurayin ya ɗago kai ya dube ta. Kuɗinsa bai kai ba duk da haka, ya faɗi abin da ya rage, ya ce sai ranar Juma'a. Ta ce, "Ƙanena, bar shi, zuwan da ka yi ya isa." Ba wanda ya roƙe ta, ba taron da ya matsa mata.

Abin da ya fi ba ni mamaki a rigingimun nan shi ne ba a taɓa ambaton inshora, alhali don irin wannan ranar aka yi ta. Shekaru da dama ke nan doka ta wajabta wa mai mota a ƙasar nan ya yi inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna. Daga farkon 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga abin da kamfani zai iya biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. A watan Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa wa direbobi a kan nuna ta. Amma a wurin yawancinmu takarda ce kawai ta wuce shingen bincike. Da yawa ma ba su san sunan kamfanin da ke jikin tasu ba, domin ɗan kamasho ne ya haɗo masu ita tare da sauran takardun mota, kuma ta bogi ta yi yawa a kasuwa. Ana iya duba lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora, NIID, a ga ko ta gaske ce. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba saboda addini, akwai kamfanonin takaful masu lasisi da ke aiki bisa tsarin Musulunci. Da mai laifi ya san akwai mai biya a bayansa, da rabin tsoron da ke sa shi musu ya kau. Su ma kamfanonin da aikin yi a gabansu, domin mutum ba zai yi mako biyu yana zirga-zirgar takardu a kan fitila ɗaya ba.

Zuwa ofishin 'yan sanda kuwa kowa na gudunsa a ƙaramar ɓarna, saboda motoci biyun za su kwana a can, ranar aiki ta tafi. Saboda haka sulhun bakin titi ba zai daina ba, gyara shi ya kamata mu yi. A ɗauki hoton motocin da waya yadda suke, sannan a janye su gefe, domin mai naƙuda ko marar lafiya da ke cikin cunkoson baya ba su yi wa kowa laifi ba. Idan an ba da lamba, a kira ta nan take a ji ta yi ƙara a aljihun mai ita. Mai gyara kuma ya zama wanda dukansu biyu suka yarda da shi, ko a tambayi biyu. Wanda ya gogi motar da ke ajiye ba kowa a ciki, ya bar lambarsa wurin mai gadi ko mai shayin da ke kusa. Tafiya shiru ɗaukar haƙƙin mutum ne, ko da kyamara ba ta gan shi ba.

Mu kuma 'yan kallo, idan har sai mun sa baki, mu fara juyawa wajen wanda ya yi ɓarnar mu ce masa ya dubi abin da ya yi ya amsa. Bayan nan ne roƙon sassauci yake da wuri. Idan ya ce ba shi da kuɗi sai ƙarshen wata, ya rubuta adadin da ranar a saƙon waya, ya tura daga lambarsa a gaban mutum biyu, kowa ya kama hanyarsa.