Na'ura Ba Ta Bincike, Mutum Ke Yi

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, duk sa'ad da aka ta da zancen binciken cututtuka a ƙasarmu, sai ka ji manya sun ce a ware kuɗi a sayo na'ura daga Turai. Mu kuwa muna cewa wannan gini ne ba harsashi, kuma ga hujjarmu.

Kowa ya san maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare a fadamun Dutse da Kiyawa lokacin damina. A shekarar 1985 masana a Amurka suka ware ƙwayar gadon da ke sa irinsa haske. Yanzu ana dasa ta cikin bairos, a sa wa ɓeran gwaji cutar, a yi masa allurar sinadarin lusifarin, kana a kwantar da shi cikin akwati mai duhu. Duk gaɓar da bairos ke hayayyafa sai ta ba da ɗan haske, kyamara ta ɗauka. Da haka ake bin mura cikin huhun ɓera guda, kwana bayan kwana, ba tare da an yanka shi ba.

To, amma hasken nan yana da yaudara. Baƙin gashi yana shanye shi, saboda haka ake aske ɓeran ko a nemi fari. Jini ma yana shanye shi, har cutar da ke can cikin hanta ta fito dishi-dishi, ta kusa da fata kuwa ta fito tar, ko da yawansu ɗaya ne. Hasken yakan kai ƙarshen ƙarfinsa wajen minti 10 zuwa 20 bayan allura, sa'an nan ya soma dushewa. In jikin ɓeran ya yi sanyi saboda maganin barci, ko iskar oksijin ta yi masa ƙaranci, hasken ya ragu. Wanda bai san waɗannan ba sai ya ga hoto ya dushe, ya yi shelar maganinsa ya ci, alhali bairos na nan daram. Ashe ƙaryar jahili mai na'ura ta fi ta boka haɗari, domin ita tafe take da hoto.

Kada mu manta da 1969. Zazzaɓi ya ɓulla a garin Lassa na ƙasar Barno, amma sai a Jami'ar Yale ta Amurka aka gano bairos ɗinsa. Cutar tamu, ɓeran da ke yaɗa ta yana cikin rumbunanmu, ilmin kuwa na wasu. Yau ana gwajin Lassa a Irrua ta Jihar Edo, domin an horad da mutane sun zauna kan aikin.

An kafa Jihar Jigawa a 1991, Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011. Ba mu makara ba, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da muke nema a fili yake: ƙwararrun ma'aikatan ɗakin gwaji da albashin da zai riƙe su, ɗakin kiwon ɓeraye mai tsabta, lantarki marar yankewa, da ɗalibin da ya riƙe sirinji da hannunsa kafin ya karɓi digiri. In an yi waɗannan, a kawo na'ura mu yi mata lale. In ba haka ba, za a yanke mata kyalle ranar buki, a rufe ta da ƙyalle washegari.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Allah ya sa masu kunne su ji.