A Fara Ceton Uwa Tukuna

A ƙasar Gwandu ba a maganar zubar da ciki a zaure. Ko mata a tsakaninsu sai sun rage murya. Mun san daga inda wannan kunya ta fito, kuma muna girmama ta. Sai dai shirun ya ɗaure abubuwa uku a ƙulli ɗaya: ɓarin da Allah Ya kawo, cikin da likita ya cire don kada uwa ta mutu, da cikin da aka zubar da gangan a ɓoye. Tunda an haɗa su, matar aure da ta yi ɓarin wata uku a Kambaza ko Diggi takan kwana tana zubar da jini a ɗaki saboda gudun abin da za a ce, ma'aikacin asibiti kuma wani lokaci yakan yi sanyin jiki wajen taɓa ta saboda tsoron hukuma. Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da za a kwance ƙullin nan.

Dokar zubar da ciki ba sabuwa ba ce. Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda majalisa ta zartar a Kaduna a 1959 ya kuma fara aiki a 1960, ya samo tsarinsa daga kundin Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860. Sashe na 232 ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 14 ga wanda ya zubar da ciki da gangan. Amma a cikin sashen aka buɗe ƙofa ɗaya: babu laifi idan an yi da kyakkyawar niyya don ceton ran matar. Kebbi ta gaji wannan tsari lokacin da aka cire ta daga Jihar Sakkwato a 1991. Sama da shekara 60 ke nan likita yana da hurumin ceton uwa, amma mutane da yawa, har da wasu masu sanye da fararen kaya, ba su san da haka ba.

Fiƙihu ya riga doka. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce tamu, ta fi kowace tsanantawa: mashahurin zance a cikinta shi ne haramci tun daga shigar ciki, ko kafin kwana 40. Malaman Hanafiyya sun sassauta kafin kwana 120 idan akwai uzuri. Fiƙihu ya ma yanka wa ɗan tayi diyyarsa, kashi ɗaya cikin goma na diyyar uwarsa, abin da ke nuna ba a ɗauki ciki abin wasa ba. To amma idan likitoci amintattu suka tabbatar barin cikin zai kashe uwa, fatawar malaman wannan zamani ta haɗu kan a ceci uwa, domin ita ce asali, kuma cutar da ta fi sauƙi ake ɗauka a kauce wa babba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta ƙara wani mataki a 1990, inda ta halatta cire ciki kafin kwana 120 idan kwamitin likitoci ya tabbatar da mummunar nakasar da ba ta da magani. Ba dole ne malamanmu su bi kowace fatawa ba. Abin da muke nunawa shi ne malamai sun zauna sun tattauna wannan batu a fili ba tare da sama ta faɗo ba.

Gwandu ma ba baƙuwar irin wannan ba ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke garin, ya rubuta Masalihul Insan a kan maslahar addini da ta jiki tare. Yayansa Shehu Usmanu, a Nurul Albab, ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Nana Asma'u ta tura jajis da 'yan taru ƙauyuka su koyar da mata. Ƙasar da ke da wannan gado ba ta da hujjar barin mace ba ta san hukuncin abin da ke faruwa a jikinta ba.

A matakin ƙasa an yi ta kai gwauro a kai mari. A 1981 an kai wa majalisar tarayya ƙudirin sassauta dokar, ya faɗi. Ministan lafiya Olikoye Ransome-Kuti ya sake gwadawa a 1991, bai kai ko'ina ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin matan Afirka a 2004, wadda ta ambaci fyaɗe da barazana ga lafiyar uwa a cikin dalilan cire ciki, amma dokar gida ba ta canza ba. A 2018 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fitar da jagora ga likitoci kan cire ciki a inda doka ta yarda. Legas ta fito da nata a 2022, gwamna ya dakatar da shi cikin 'yan kwanaki saboda hayaniya. A shekarar ce kotun ƙolin Amurka ta soke hukuncinta na 1973 kan zubar da ciki, alhali maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin, wadda muke iyaka da ita, ta faɗaɗa tata dokar a 2021 zuwa mako 12.

Ba muna kiran a kwaso rigimar Amurka ko dokar Benin a kawo Kebbi ba ne. Jama'ar nan ba su nemi haka ba, mu ma ba mu nema ba. Damuwarmu matan da ke mutuwa a cikin abin da doka da addini suka riga suka yarda a yi musu. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mata kusan 82,000 suka rasu a Nijeriya a 2020 sanadin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna ko haihuwa ɗaya cikin goma a Kebbi ba a yin ta a asibiti. Tun 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya wallafa nazarin haihuwa 22,774 a Zariya, ya nuna matan da ba su yi awo ba, waɗanda ake kawowa bayan abu ya ɓaci, su ne suka fi mutuwa.

Duk wanda ya zauna ƙauye ya san yadda abin ke tafiya. Jini ya ɓalle da la'asar. Maigida yana fadama wajen shinkafa, ko ya tafi ci-rani kudu, kuma babu mai ikon cewa a fita da ita. Uwar miji ta jiƙa saiwa, ungozoma ta ce a jira. Zani na biyu ya jiƙe, na uku ya jiƙe. Sai bayan isha'i aka samu izini ta waya, aka nemo mai babur, aka sa ta tsakiya wata ta riƙe ta daga baya. A asibitin farko babu jini, babu mai wankin ciki da dare. Kafin a isa Kalgo ko Birnin Kebbi tafin hannunta ya yi fari fat. Wankin cikin da ungozomar asibiti mai horo za ta gama cikin mintuna ya zama jana'iza da safe, a ce kwana ne ya ƙare. Mun yi imani da ƙaddara, amma mun san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani.

Akwai kuma wadda ba a son ambata: yarinyar da aka yi wa fyaɗe, ko aka yaudara, ta je kemis a ɓoye ko ta sha haɗin da wata ta ba ta. Wani nazari na cibiyar Guttmacher da Jami'ar Ibadan ya ƙiyasta an zubar da ciki miliyan 1.25 a Nijeriya a 2012, duk da haramcin. Kowane irin laifi ta yi, idan ta iso asibiti tana zubar da jini majinyaciya ce. Babu dokar da ta hana a yi mata magani, kuma gadon asibiti ba kotun alƙali ba ne. Namijin da ya yi cikin fa, wa ya tambaye shi?

Muna kira ga ma'aikatar lafiya ta Kebbi ta ɗauki jagoran nan na 2018, ta zauna da malaman masarautar Gwandu su duba shi layi-layi, a fitar da abin da aka yarda da shi da Hausa, da boko da ajami, a manna a kowane asibiti. Babban asibitin Kalgo ya dace ya zama wurin horar da ungozomomin ƙananan asibitoci aikin wankin ciki da tsayar da jini, a kuma wadata su da kayan aiki da jinin ƙari, don kada sai an yi doguwar tafiya. Tiyatar haihuwa kyauta da minista Muhammad Ali Pate ya sanar a Nuwamba 2024 ta iso ga matan Dalijan da Dangoma a aikace.

Sauran aikin na maza ne, kuma ba ya cin ko kwabo. Limamai su faɗa a huɗuba cewa tazarar haihuwa da yardar miji da mata halal ce, kuma kwanika na raunana uwa da abin goyonta. Hakimai da dagatai su karɓi alkawari daga kowane magidanci kafin ya tafi ci-rani bana: ya bar izini a gaban shaidu cewa idan jini ko naƙuda ta zo wa iyalinsa, a kai ta asibiti ba sai an neme shi a waya ba.